Wutar Daji Ta Mutu Da La'asar, Kajin Baffana Suka Ci Gaba Da Mutuwa Har Mako Biyu



Yau ba maganar haɗa abinci ko jadawalin rigakafi zan yi ba. Tunda iska ta juya, leɓe ya fara tsagewa, na ga ya kamata in ba ku wani labari da na daɗe ina jin nauyin bayarwa, saboda akwai laifina a cikinsa.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana zaune a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Gidansa ne na ƙarshe ta gabas, daga shi sai gonaki. Duk wanda ya san yankin nan ya san yadda yake komawa daga Nuwamba zuwa Maris. An yanke dawa an ɗaure dami, kara yana jibge a gona, harawar wake da ta gyaɗa an ɗora ta a kan bishiya da kan rumfa, ciyawar gindin duwatsu ta bushe ƙamas. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Durba, hoton ɗaya ne: dangar kara, rumbu mai jinka, zana, ga iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ba ta hutawa. Abin da ya rage kawai a samu mai ƙyasta ashana. Shi kuwa ba ya wuya. Yaran da ke turara ramin gafiya ne, ko mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wutarsa, ko manomin da ya kunna shara ya tafi sallah, ko wanda ya jefar da guntun sigari daga kan babur.

Muna ganin wutar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 a waya, mun ga ta Los Anjalis a Janairun 2025, muna cewa Allah ya kyauta. A nan Kano kowa yana tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016. Amma rumbu uku da ɗakin kaji ɗaya a bayan Kibiya, wannan ba mai ɗauka a labarai. Mai gidan ne kawai ya san shekararsa ta tafi.

Da na gama karatun kasuwancin noma, ni na zuga Baffa ya shiga kiwo. Na zauna na rubuta masa lissafi shafi shida, ina ji da kaina. Kajin ƙwai 200, buroila 100 a kowane zubi, da kwamin tamfol biyu, kowanne tarwaɗa 500. Ni na ce a gina ɗakin kajin a bayan gida, nesa da shige da ficen mutane, don gudun cuta. Ni na ce a yi rumfar ajiye abinci a jikinsa don kada a sha wahalar ɗauko. Da sanyi ya shigo, ni na ce a zagaye ɗakin tsaki da leda, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a sa kaskon gawayi. Duk abin da na faɗa yana cikin littafi. A lissafin nan na ware kashi 5 cikin 100 na mutuwar kaji, na ware tashin farashin masara, har fashewar ƙwai na ware. Kalmar wuta ba ta fito ko sau ɗaya ba. Ban ɗaga kai na ga cewa bayan ɗakin nan, taku huɗu kacal, dangar kara ce, bayanta kuma gonar dawa da ba a kwashe kararta ba.

Ranar kasuwa ce, a watan Janairu, bayan azahar. Yawancin maza ba sa gari. Inna, matar Baffa, ta ce ita ba wuta ta fara gani ba, ƙara ta fara ji, kamar ana karya itace da yawa a lokaci ɗaya, sai kuma toka ta fara sauka a kan shanyar da ta yi. Kafin harshen wutar ya iso danga, tartsatsi ya riga shi. Iska ta ɗauko wani guntun karmami mai ci ta ɗora shi a kan harawar da ke saman rumfar abinci. Ku riƙe wannan: sau da yawa ba bakin wutar ne ke cin gida ba, abin da iska ta ɗauko ta jefo gaba ne.

Abin da Inna ta yi daidai, kuma har gobe ina jinjina mata, shi ne ba ta nufi kaji ba. Yara ta fara ƙirgawa. Ta tura babbar 'yarta ta goyo ƙaramin da ke barci a ɗaki, ta kamo hannun kakarmu mai ciwon ƙirji, ta kai su filin makarantar firamare inda ƙasa take a share, ta gefen da hayaƙi ba ya bi. Sai da ta tabbatar kowa ya cika sannan ta fara kururuwa. Na faɗi wannan ne saboda na san halinmu. Wanda ya zuba jarinsa a kaji, idan ya ga hayaƙi, ƙafarsa ɗakin kaji take kai shi. Ƙanina, ɗan Baffa mai shekara 15, haka ya yi. Ya ruga ya buɗe wa kajin ƙwai ƙofa, ya yage waya ta gefe ɗaya, suka watse cikin gida. Ya ceci da yawa, amma silifas ɗin roba ya narke a ƙafarsa, rigar ƙwallon da ke jikinsa ta manne masa a kafaɗa. Da takalmi rufaffe da rigar auduga ne a jikinsa, da abin bai kai haka ba.

Mutanen da suka taru sun kashe ta da ɗanyen reshen darbejiya, da jiƙaƙƙen buhu, da ƙasa. Tsofaffin cikinsu sun san aikin: ba a tarar wuta ta gaba inda iska ke kora ta, ta gefe da ta baya ake bin ta ana dukan gindinta. Wani ya yi dabara ya ture dangar da ke tsakanin Baffa da maƙwabcinsa, shi ya hana ta shiga gari. An kira 'yan kwana-kwana, kuma ya kamata a kira, lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, sannan kowa ya nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da shi ya ajiye a waya. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, wutar kara ba ta jiran mota. Minti ashirin ya ishe ta, kuma akwai burtalin da babbar mota ba ta iya bi. Ruwan farko da hannun farko, na cikin unguwa ne.

Ni ina Kano aka kira ni. Na biyo ta Bunkure na iso bayan isha'i. Na tarar an fasa wa ƙanina ɗanyen ƙwai a ƙafa, wani ma yana cewa a kawo makilin. Jama'a, don Allah mu bar wannan. Na san a gidan mai kaji ƙwai ne abu mafi kusa da hannu, amma ɗanyen ƙwai yana iya sa wa ƙuna ƙwayar cuta, makilin da manja da gishiri kuma wahala suke ƙara wa mai wanke ciwon. Abin da ƙuna ke so shi ne ruwa mai tsabta mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi kamar minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Wanda kuma ya shaƙi hayaƙi har muryarsa ta dishe, ko aka ga baƙi a hancinsa da majinarsa, a kai shi ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, don maƙogwaro kan kumbura daga baya. A daren muka kai shi Rano a kan babur.

Da gari ya waye muka yi ƙirga. Rumbu biyu sun ƙone ƙurmus, ɗaya na dawa, ɗaya na gero da masara, kuma a cikinsa irin shukar baɗi yake. Ɗakin Inna ya tafi da rabin kayan da take tara wa 'yarta na aure, da kuɗin adashin da ta ɗauka ta sa a gwangwani. Rumfar abinci babu, buhu tara a ciki. Tsaki 100 'yan mako biyu duk sun mutu, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wuta ba ta taɓa yawancinsu ba. Suna kwance a kan ɓuntu, gashinsu lafiya lau. Hayaƙi ne ya shiga ledar da na ce a zagaya, ya rasa hanyar fita. Kaza ba kamar mu take numfashi ba. Bayan huhu tana da jakunkunan iska guda 9 da suka ratsa jikinta, shi ya sa gurɓatacciyar iska ke gama da ita da wuri. Cikin kajin ƙwai 200, 31 suka mutu a ranar, 169 suka tsira. Kwamin kifi ɗaya ya narke ta gefe, ruwan ya tsiyaye. Ɗayan yana nan cike, sai toka da ta rufe samansa.

Baffa ya dubi kajin da suka rage suna yawo a tsakar gida, ya dubi kwamin da ya tsira, ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, an bar mana na tashi." Ni ma haka na ɗauka.

Mutanen ƙauye ba su yi ƙasa a gwiwa ba, wallahi. Kafin hantsi gidan ya cika da masu jaje. "Allah ya mayar da alheri." "Allah ya kiyaye gaba." Aka kawo tabarmi, zannuwa, kwanon tuwo, kwanon dawa, wani ya kawo bargo, wanda a sanyin Janairu ya fi komai daraja ga wanda ɗakinsa ba rufi. Mata suka kawo wa Inna tukunya da ludayi da kayan miya. Duk waɗannan ana buƙatarsu, kuma su ne farko. Amma cikin mutum fiye da hamsin da suka shigo ranar, babu wanda ya zo da jarkar ruwa don kaji, ko rabin buhun abincinsu. Ba rowa ba ce. A al'adarmu kaza ita ke nema wa kanta, ba wanda ya saba tunanin cewa akwai kazar da idan ba a zuba mata ba, ba ta ci.

Mu yi lissafi tare. Kazar ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, tana shan ruwa kusan ninki biyu na abin da ta ci. Kaji 169 ke nan suna son abinci kusan kilo 20 kullum, buhu mai kilo 25 ba ya kai su kwana biyu, da ruwa jarka biyu manya. Mazuban ruwansu na roba ne, sun narke. Tiyon da ke kawo ruwa daga rijiya ya narke, wayar injin ta ƙone. Ruwan da ke randuna an ƙarar da shi wajen kashe wuta, rijiyar kuma an yashe ta har laka. Kajin nan sun kwana sun wuni ba su sha ruwan kirki ba, hankalin kowa yana kan mutane, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Sai dai kazar ƙwai idan ta yi kwana guda cur ba ruwa, ƙwan yana faɗuwa, kuma sai a yi makonni bai dawo ba. Wasu ma zubar da gashi suke farawa su daina gaba ɗaya. Daga kiret biyar a rana, Baffa ya koma bai cika kiret ɗaya ba. Wato a daidai lokacin da gidan ya fi buƙatar kuɗin cefane, abin da ke kawo shi kullum ya tsaya.

Sai kuskure na biyu. A ƙarƙashin tokar rumfa an tono buhu uku da ba su ƙone duka ba, sun dai sha ruwan kashe wuta. Aka ce ai asara ce a zubar. Aka jingine su a zaure a ɗaure, ana ɗiba ana ba kaji. Kwana huɗu abincin ya ɗau zafi ya fara wari, ya dunƙule. Jiƙaƙƙen abinci, in za a yi amfani da shi, a ranar ake baza shi a rana ya bushe sarai, wanda ya taɓa narkakkiyar leda ko ya canza launi kuma a rabu da shi. Fumfuna tana fitar da dafin da ke lalata hantar kaza, kuma ba a ganin sa da ido. Da ya ƙare, aka koma ba su dusa da tsakin dawa na sadaka. Ciki ya cika, amma babu sinadarin ƙwai a ciki.

Na uku shi ne sanyi da hayaƙin da suka riga suka shaƙa. Ɗakinsu ba rufi, suna kwana a tsakar gida, suna cuɗanya da kajin Hausa da zabin unguwa, a lokacin da annobar Niyukasil ta fi yawo. A kwana na biyar muka fara jin minshari da atishawa, ido yana kumbura. Hayaƙi ya riga ya ƙona musu hanyar numfashi, kowace cuta ta samu ƙofa a buɗe. Ni da karatuna na so in ɗura musu Lasota a take, likitan dabbobin da na kira ya hana ni. Ya ce ba a yi wa kazar da ke cikin wahala rigakafi, a fara ba ta ruwa mai tsabta da bitamin, a ware masu ciwo, a samar musu inda iska ba ta dukansu amma tana shiga tana fita, shi zai zo ya ga ko akwai buƙatar magani. Da na kira shi tun ranar farko, da lissafin ya canza. Cikin mako biyu mun binne 52. Wuta ta ci 31, abin da ya biyo bayanta ya ci 52.

Af, maganar binnewa. Wadda ta mutu mushe ce, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a rufe. Kada a jefa wa kifi, kada a bar wa karnuka su ja ta cikin unguwa. Wadda ta ƙone sosai amma da ranta, a yanka ta a take a ci ko a sayar, muddin ba a cikin shan magani take ba. Jinkirin kwana ɗaya yana mayar da nama mushe.

Labarin kifin ya fi ba ni mamaki, har yanzu ina juya shi. Kwamin da ya narke, kowa ya ɗauka shi ne asara. Amma tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa takan yi sa'o'i a waje muddin jikinta da danshi. Ƙarfasa ba ta da wannan, da ita ce da ba a tsinci komai ba. Yara suka bi su cikin laka suna tsincewa a bokiti da baho. Wata maƙwabciyar Inna, wadda ta taso a gidan masunta a bakin Tiga, ta ce kada a tsaya neman inda za a zuba su, a gyara su a yi banda a daren. Aka haɗa rabin duro biyu da waya, aka kwana ana ƙyafewa. Watansu huɗu, ba su kai girman da muka so ba, kuma banda tana cin nauyi, sai ka sa kilo 3 zuwa 4 na ɗanye kafin ka sami kilo 1 busasshe. Duk da haka kusan 400 aka ceta, kuma kuɗinsu ne ya sayi buhunan abincin kaji na farko da kwanon rufi.

Kwamin da wuta ba ta taɓa ba, shi ya ba mu kunya. Kun san ruwan toka da iyayenmu ke tacewa su sa a miya a madadin kanwa? To abin da ya faru a kwamin ke nan. Toka tana ɗaga ma'aunin pH na ruwa, kifi kuwa ya fi son tsakanin 6.5 da 8.5. Idan ya haura, ammoniyar da ke fita daga kashin kifi tana ƙara zama dafi. Ga ruwan ya kwana uku ba a canza ba don babu tiyo babu inji. Ga yara, saboda tausayi, suna ta watsa musu ragowar abinci, kifin da ya firgita kuma ga sanyi ba ya ci, abincin ya nutse ya ruɓe. A rana ta uku suka fara tsayuwa a tsaye a saman ruwa, fata tana saɓulewa. Mun rasa kusan 200.

Abin da ya kamata mu yi ba shi da tsada. A kwashe tokar sama da abin tace ko tsohon gidan sauro tun a ranar. A daina ba da abinci kwana biyu, ba abin da zai same su. A rage ruwa ta ƙasa, a ƙara sabo a hankali, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. A sa gishiri kamar kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1000 don rage musu wahala. Matsalar ita ce ruwan. Kwamin Baffa yana cin lita 5000, canza lita 2000 kuwa jarka 80 ce. Ba aikin mutum ɗaya da guga ba ne. Aikin aron injin ban ruwa ne da tiyo na awa biyu, kuma a yankin da ake noman rani kamar namu, daga Bunkure har bakin Tiga, injin nan ba abin wahala ba ne. Akwai shi a gida uku a ƙauyen. Ba mu tambaya ba, su ma ba su san muna so ba.

Shi ya sa yanzu idan na ji an yi wa mai kiwo gobara, na san abin da zan ɗauka. Mutane tukuna: abinci, bargo, tabarma, maganin da tsoho ko mai asma yake sha kullum wanda ya ƙone a ɗaki, da wurin da mata da yara za su kwana. Daga nan sai in tambayi abin da ya rage da rai. In ɗauki buhun abincin kaji ko da rabi ne, da mazubin ruwa na aro, da bitamin, da tsohon tamfol ko zana na yin inuwa. In nemo mai inji. In kuma ina da wuri, in ce a kawo kajin ko kifin in riƙe na mako biyu, a keɓe, ba a haɗa da nawa ba. Kuɗi a hannu kuma, ko kaɗan ne, ya fi a ce "in ana buƙatar wani abu a faɗa". Mutumin da ya saba bayarwa ba zai faɗa ba. Baffa bai faɗa wa kowa cewa irin shukarsa ya ƙone ba sai da aka yi ruwan farko, mutane suka ga bai fita gona ba.

Ta ɓangaren hukuma, kada a share wuri sai an ɗauki hoto da bidiyo, an rubuta abin da ya ƙone ɗaya bayan ɗaya. A sanar da mai unguwa, shi ya kai wa dagaci da hakimi, a kai rahoto ƙaramar hukuma, ta nan ne yake isa hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. A sanar da malamin gona ma, ofishin shiyya na KNARDA yana nan Rano. Ko taimako zai zo, ba ranar zai zo ba, don haka kada a jingina abincin gobe da shi. Mu littafin da muke rubuta ƙwai da abinci a rumfar yake rataye, ya tafi tare da ita, sai da ka muka yi ta lissafi. Yanzu duk Juma'a ƙanina yana ɗaukar hoton shafin mako ya turo min ta WhatsApp. Katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar gona da takardun makarantar yara duk suna cikin jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofa, hotunansu kuma suna wayata. Maganar inshora, akwai hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, akwai kuma kamfanonin takaful ga mai son tsarin Musulunci. Wanda kajinsa suka kai ɗaruruwa, ya je ya zauna da su ya ji sharuɗɗa da kunnensa, musamman cikin kwana nawa ake son a kai rahoto da irin shaidar da ake nema. Wanda ba ya rubuta komai, ko ya biya, wahala zai sha wajen karɓa.

Na san masu shirin farawa za su ce duk wannan ƙarin kashe kuɗi ne, jarin ma da ƙyar aka haɗa. To ga abin da muka canza a gidan Baffa, ku duba nawa ne a ciki ke cin kuɗi. Da an gama girbi, ana share taku goma zagaye da bayan gida har sai an ga jar ƙasa, kara da ciyawa a kwashe su nesa. Gayya ake yi da maƙwabta, don sharar gida ɗaya ba ta tsare unguwa. Dangar kara ta bayan ɗakin kaji an cire ta, an ja ginin ƙasa iya ƙirji. Harawa ta bar kan rumfa, tana can kan bishiya a tsakiyar fili, ita kaɗai. Abincin kaji an raba shi biyu, na kwana uku a kusa, sauran a ɗakin ƙasa mai rufin kwano a cikin gida. Iri ma haka, rabi a gidan Baffa, rabi a gidanmu. Fetur ɗin inji ya bar kusa da kaji, kuma kowa a gidan ya san wutar fetur ƙasa ake zuba mata, ba ruwa ba. Duro biyu suna cike daga Nuwamba har saukar damina, an hana kowa taɓawa ko da wanki ne, da bokitin ƙarfe da tsofaffin buhunan algarara a gefe. Ledar ɗakin tsaki an bar mata tazarar hannu ɗaya daga sama ta kowane gefe, kaskon gawayi yana kan bulo, ba a kan ɓuntu ba, don wutar da ke tashi daga cikin ɗakin tsaki ma tana da nata tarihin. Ɗakin kaji ya samu ƙofa ta biyu mai buɗewa waje. Kwamin tamfol kuma an matsar da shi daga jikin danga, an binne tiyonsa a ƙasa.

Abu ɗaya da ba mu iya gyarawa mu kaɗai ba shi ne mai kunna wutar. Har yau ba a san ko wane ne ba, Baffa kuma ya hana a bincika, ya ce ɗan wani ne a garin nan. Amma ya je wurin mai unguwa, aka yi magana a masallaci bayan sallar Juma'a: mai son ƙona shara ya bari sai da sassafe ko yamma lis lokacin da iska ta kwanta, ya share gefen gonarsa tukuna, ya gaya wa maƙwabcin gona, kuma kada ya bar wurin sai ta mutu. Wasu suna bi, wasu ba sa bi. Ni dai a ra'ayina karan ma bai kamata a ƙona ba, abincin dabbobi ne, taki ne, kuɗi ne, amma wannan wata maganar ce ta wata rana.

An ɗaga bikin ƙanwata da wata bakwai. Ƙafar ƙanina ta warke, da tabo, kuma ba ya zuwa bayan gida da silifas yanzu. Kaji 117 da suka rage sun koma ƙwai bayan kusan wata ɗaya da rabi, ba su taɓa komawa yadda suke a da ba, muka sayar da su gab da sallah. Baffa ya sake zuba 100 kawai, kwami ɗaya, ya ce sai ya ga hunturu biyu sun wuce lafiya kafin ya ƙara.

Makon jiya na je. Na tarar da shi a bayan gida da fartanya, yana bin gefen sharar yana cire 'yar ciyawar da ta rage. Na ce, "Baffa, ku kawo in karɓa muku." Ya miƙo min, ya nuna min wajen gabas inda maƙwabcinsa bai kwashe kara ba tukuna, ya ce in na gama in raka shi mu je mu yi masa magana kafin magariba.